Gizo Ba Shi da Gurbi: Awon Halayen Taurarin Tatsuniya a Ƙasar Magarya da Dungas

Akwai wani jadawali mai gurabe tara, uku a tsaye uku a kwance kamar an yanki sashen gidan dara, wanda ya bazu tsakanin masu karatun ƙagaggun labarai da masu kallon fina-finai a sassan duniya. Aikinsa ɗaya ne: a ɗauki tauraron labari a jefa shi cikin gurbin da ya dace da halinsa. Tambayoyi biyu kaɗai yake yi. Ta farko, shin tauraron nagari ne, ko mugu, ko kuwa yana tsaka-tsaki? Ta biyu, shin mai bin doka ne, ko mai bijire mata, ko kuwa bai damu da ita ba? Idan aka gicciya amsoshi ukun farko da ukun baya sai a sami gidaje tara, tun daga nagari mai bin doka a kusurwar sama har zuwa mugu ɗan hargitsi a kusurwar ƙasa. Ba manazarta adabi ne suka ƙirƙiro shi ba. Wasa ne ya haife shi, wato Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da farko rukuni uku ne kawai, doka da hargitsi da tsakiya, sai a littafin jagoran ƴan wasa na 1978 gurabe taran suka kafu sosai. A fagen wasa yana da amfani, domin wanda ya ari rigar wani tauraro yana bukatar sanin abin da tauraron zai iya aikatawa da wanda ba zai iya ba.

Son rarraba mutane gida-gida bisa halinsu daɗaɗɗen abu ne. Fiye da shekara ɗari uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Tiyofarastus na Girka ya zana halaye talatin, irin su marowaci da matsoraci da sarkin surutu. A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari gida biyu, masu fuska ɗaya da ba su sauyawa, da masu fuskoki da yawa da kan ba mai karatu mamaki. Shekara guda bayan haka Vladimir Propp na Rasha ya nuna cewa taurarin tatsuniyoyin ƙasarsu ba su wuce matsayi bakwai ba. Mu ma an yi mana namu: a 1974 ɗin nan dai A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya jera siffofi goma, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Shi kansa Bahaushe cewa ya yi hali zanen dutse ne. Ke nan babu mai jayayya cewa ana awon hali. Abin tambaya shi ne da wace tiya ake awon. Ra'ayina shi ne tatsuniyar Hausa tana da tata tiyar, kuma ba da nagarta da mugunta take fara awo ba. Da ciki take farawa. Kusan kowa a cikinta mayunwaci ne, abin da ya bambanta su kuwa shi ne abin da kowanne ya mallaka na bi da yunwarsa: ƙarfi, ko wayo, ko kunya, ko babu ko ɗaya.

Na zaɓi in gwada wannan magana a gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, kudancin Nijar, saboda dalilai biyu. Na farko shi ne yankin yana bakin iyaka, yana kallon ƙasar Daura da jihar Jigawa ta Nijeriya, kuma tatsuniyoyin da ake yi a Bande ko Washa ko Malawa su ne dai ake yi a Zango da Ɓaɓura da Maigatari, sai ɗan bambancin lafazi da na ɗanɗanon mai bayarwa. (Dungas tana cikin gundumar Magarya ne har 2011, lokacin da aka ba ta tata gundumar.) Na biyu ya fi gaggawa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a birnin Damagaram, sannan kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk inda aka ce za a rubuta littafin karatun yara da Hausa, tatsuniya ce ake fara ɗaukowa, kuma a ƙarƙashinta akan sa tambayoyi: Wane ne mutumin kirki a cikin wannan labari? Wane ne mugu? Wane darasi muka koya? Waɗannan tambayoyi ƙannen wancan jadawali ne, ko da wanda ya rubuta su bai taɓa ganinsa ba. Idan aka yi shekara ashirin ana yi wa yara su, za su tashi da wata tatsuniya dabam da wadda kakanninsu suka sani, alhali kalmomin ba su sauya ba.

Bari mu fara da ɓangaren doka, domin shi ya fi saurin karyewa. Jadawalin ya ɗauka cewa doka guda ce, sananniya, mutum ko dai ya bi ta ko ya ƙi. To dokar wa? Dungas da Washa suna cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki. Magarya kuwa tana cikin wuraren da rassan gidan sarautar Daura suka zauna bayan jihadi, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978. A ƙarni na 19 Damagaram ta rinjayi yankin, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884. Faransawa suka shigo Damagaram a 1899, sannan tsakanin 1906 da 1908 ayarin haɗin gwiwa na Faransa da Ingila ya bi yana kafa alamun iyaka tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Abin sha'awa, jagoran ɓangaren Faransa, Jean Tilho, da tafintansa Moïse Landeroin, su ne kuma suka wallafa littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Paris a 1909. Hannun da ya ja layi shi ya kwashi labaran da ba su san layin ba. Daga nan manomin yankin ya zauna ƙarƙashin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, kuma mutane da dama sun riƙa tsallakawa kudu don kauce masu. William Miles, wanda ya kwatanta ƙauyen Yekuwa na ƙasar Magarya da maƙwabcinsa Yardaji na Nijeriya a littafinsa na 1994, ya nuna yadda dangi ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin hukumomi biyu masu dokoki biyu. An rufe iyakar a 1984, a tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sake rufe ta a 2019 da 2023. Mutumin da ya ga hatsin da ya halatta ya kai kasuwa jiya ya zama haram yau ba zai ɗauki bin doka a matsayin rabin halin ɗan Adam ba. A tatsuniyarsa doka ita ce abin da Zaki ya ce, kuma Zaki yana cewa ne don yana da farce.

Saura ɓangaren nagarta da mugunta, kuma a nan ne Gizo yake tsaye a bakin ƙofa. Mu ɗauki labarinsa da Giwa da Dorina. An yi yunwa, gidan Gizo babu ko ƙwaya. Ya je wurin Giwa ya ce Dorina ce ta aiko shi rancen hatsi, za ta biya da doki idan kaka ta yi. Ya gangara wurin Dorina ya ce Giwa ce ta aiko shi, da alkawari iri ɗaya. Ya kwashe abincin duka ya kai gida. Da lokacin biya ya yi sai ya miƙa wa kowace bakin igiya guda, ya ce dokin na ɗaure a ɗaya bakin, ta ja. Manyan dawa biyu suka wuni suna jan juna. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma cin amana ne. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin yara ana ba da wannan labari ya san inda dariya take faɗawa da wanda ake yi wa ita. Babu yaron da ke tausayin Giwa. Ƙaramin da ba shi da komai ya ci daga rumbun manya, iyalinsa sun kai kaka da rai, kuma a ƙasar da ta san Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abincin 2005, kai wa kaka da rai ba ƙaramar nasara ba ce. Mai jadawali zai ce to, nagari ne mai bijire wa doka, irin ɓarayin labaran Turai masu ƙwace na mai kuɗi su ba talaka.

Sai a ba shi labari na biyu. Gizo ya ga hankaki suna cin ɓaure daga wata itaciya da ke tsakiyar ruwa, ya roƙe su, kowanne ya cire gashi ɗaya ya ara masa har ya tashi sama tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Suka bari ya yi barci, kowa ya zare gashinsa, suka tafi. Ya faɗa ruwa, ya iske gidan kadoji, ya yi kuka ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Suka karɓe shi, suka kwantar da shi a ɗakin da ƙwansu yake, ya kwana yana gasawa yana ci, da safe ya riƙa ɗaga ƙwai ɗaya da ya rage yana nuna masu sau da yawa kamar ana ƙirga. A nan babu wani babba da aka rage wa girman kai. Waɗanda aka cuta masu karamci ne, waɗanda suka ba shi gashin jikinsu da ɗakin kwanansu, kuma abin da ya ci ƴaƴan masu masaukinsa ne. Idan aka auna shi da siffofi goman Kirk-Greene, ba zai tsira da ko ɗaya ba, sai fa in an yi wa wayo alfarma an kira shi hikima. Yanzu kuma mai jadawali zai tura shi kusurwar mugu ɗan hargitsi. Sai labari na uku ya zo, inda yake satar amfanin gona da dare har aka kafa masa mutum-mutumin danƙo, ya gaishe shi bai amsa ba, ya mare shi hannu ya manne, ya shure shi ƙafa ta manne. A nan sarkin wayo wawa ne, wanda zuciya ta ɗebe shi ya yi faɗa da gunki.

Wane gurbi ke nan? Wanda ya ce a sa shi a tsakiya, wai ba nagari ba ne ba kuma mugu ba, ya yi lissafin ɗan makaranta ne, ya tara zafi da sanyi ya raba biyu ya ce ruwan ɗumi ne. Gizo bai taɓa zama ɗumi ba. Abin da bai sauya ba cikin labaran uku shi ne cikinsa da rashin kunyarsa. Abin da ya sauya shi ne wanda ke gabansa. Idan ya fuskanci mai ƙarfi, wayonsa kan zama abin so. Idan ya fuskanci mai karamci, wannan wayon dai kan zama abin ƙyama. Masu sauraro ba sa tambayar ko Gizo nagari ne. Suna duba wa ya ci, wa aka ci, kuma wanda aka ci ɗin ya cancanta ko bai cancanta ba. Hatta tsamin bakin da mai ba da labari ke ara masa, inda “sa” ke komawa “sha”, “ra” ke komawa “ya”, yana wannan aiki: muryar ƙaramin yaro ce a bakin magidanci, tana sa a yi masa uzurin da ba za a yi wa babba ba, tana kuma tuna mana cewa mai wannan hali bai gama zama mutum ba.

Idan aka karɓi ciki a matsayin ma'auni, sauran taurarin sai su jeru da kansu. Kura tana da yunwar Gizo da rashin kunyarsa, ga ƙarfi, amma babu wayo, ga kuma tsoro. Shi ya sa a labarin da suka shiga cikin dabba suna yankar nama ita ce ke taɓa abin da aka ce kada a taɓa, ita ce kuma ke shan sanda. Jadawali zai sa ta gida ɗaya da Gizo, tunda duk ɓarayi ne, alhali a wurin mai tatsuniya su ne iyaka biyu masu nisa: kwaɗayi mabuɗin wahala ne ga wanda ba shi da dabarar fita. Zaki yana da ƙarfin da ya isa ya ci ba tare da ya yi ƙarya ba, don haka ake ganinsa da mutunci. Ban tabbata mutuncin zai kwana ba da za a cire masa haƙora. Dila, malamin daji, wayonsa ya sha karatu, yana yanke hukunci yana kuma tabbatar da cewa hukuncin bai taɓa rabonsa ba. Ita kuwa Ƙoƙi, matar Gizo, an fi zaluntarta a nazari. Akan ce ita ce haƙuri da hankali, kishiyar halin mijinta, a wuce. Amma Ƙoƙi tana dafa abin da Gizo ya sato, ta san kuma daga inda ya fito. Wani lokaci ta rufa masa asiri, wani lokaci ta tona. Matsayinta shi ne na wanda yake da kunya amma yake cin abincin marar kunya domin babu wani, kuma ina ganin matan da suka riƙe tatsuniya tsawon zamani sun san wannan matsayi fiye da yadda suka bayyana.

Za a iya cewa na zaɓi labaran dabbobi ne don su suka dace da ra'ayina, alhali akwai tatsuniyoyin da fari da baƙi suke a rabe sarai. Gaskiya ne akwai su, kuma babbar cikinsu ita ce ta ƴar bora da ƴar mowa. An tura ƴar bora ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, ta bi hanya da ladabi, ta dawo da dukiya. Ƴar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta dawo da abin kunya. Ga nagari ga mugu, babu gardama. Amma a duba irin jarrabawar da aka yi masu. Kogunan da ke kan hanya na abinci ne, kowanne yana kiran yarinya ta tsaya ta ci. A masauki an ba ta ƙwayar hatsi ɗaya da ƙashi ta dafa. An ce ta zaɓi ƙwai, sai ta ɗauki wanda bai yi kurarin kansa ba. Babu inda aka tambaye ta ko ta taimaki wani da dukiyarta ko ta yi gaskiya a shari'a. Tun daga farko har ƙarshe abu ɗaya ake gwadawa, wato ko yarinya mai jin yunwa za ta iya riƙe cikinta da bakinta a gaban baƙo, ta ga abin al'ajabi kamar cinya tana magana ba ta yi dariya ba. Wannan ita ce kunya, kuma ita ce daidai abin da Gizo ya rasa. Ma'aunin bai sauya ba, an dai juyo da shi ta ɗaya gefen. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa a kan ƙarshen labarin, ko da zai ɓata wa masu ƙaunarsa rai: sakamakon ƴar mowa shi ne ta shigo gari da rakiyar kutare da makafi da guragu. Tatsuniyar da ta iya ganin darajar ƴar bora ta kasa ganin ta waɗannan, ta mai da su kayan horo. Wanda zai sa labarin a littafin makaranta, inda a aji ɗaya za a iya samun yaro mai lalura, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani fiye da yadda zai tsaya a kan ƙaryar Gizo.

Sai kuma Auta, wanda ya fi Gizo wuyar sha'ani. Iyaye sun bar wasiyya cewa kada a bar shi ya yi kuka, don haka duk abin da ya so sai a ƙyale shi: ya ƙone rumbu, ya yi wa ɗan sarki lahani, ya cuci wanda ya cece shi yana cikin ceton. Ba yunwa ke sa shi ba, ɓarna ce kawai. Daga ƙarshe shi ne ke kashe Dodon da ya hana gari sakat, a ba shi sarauta ko ƴar sarki. Veronika Görög da abokan aikinta sun tattara irin waɗannan labarai daga sassan Afirka ta Yamma a wani littafi na 1980 kan yara masu ta'adi. Na yarda cewa Auta bai zauna daidai cikin tiyar ciki da nake magana a kai ba, amma ya fi ƙin zama cikin gurabe tara, domin labarinsa yana cewa rashin tsoron da ya ƙone rumbu shi ne dai ya tunkari Dodo lokacin da masu hankali suka kulle ƙofa.

Ba wai Bahaushe bai san jadawali ba ne. Masu bori, waɗanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsu a ƙasar Maraɗi (1972) da Fremont Besmer a Kano (1983), suna da jerin iskoki da aka raba farfaru da babbaƙu, aka kuma zaunar da su gida-gida a birnin Jangare, gidaje goma sha biyu a lissafin da Besmer ya samu. Ba batun imani nake yi ba a nan, batun fasalin rabo nake yi. Kowane iska yana da halinsa da tufafinsa da tafiyarsa: Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da caca da almubazzaranci, Malam Alhaji dattijo ne mai karatu da tari, Sarkin Rafi mai hauka ne. Amma fari a nan ba ya nufin marar cutarwa, baƙi kuma ba ya nufin marar amfani. Wanda ya sa ciwo shi ne ke warkar da shi. Rabo ne na dangantaka da sana'a da mazauni, irin wanda ake yi wa unguwannin gari, inda ake sanin gidan kowa ba tare da an yanke wa gidan hukunci ba.

Da rubutaccen adabi ya zo, ya tarar da wannan gado, kuma yana da kyau a ga yadda ya yi da shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yana da taurari biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kuma dukansu suna ƙarya, suna damfara, suna jefa juna cikin wahala gari bayan gari. Abin da ya sa muke kiran ɗaya gwarzo ɗaya abokin hamayya bai wuce abu biyu ba: Alhaji yana da inda ya nufa, kuma shi ke ba da labarin da bakinsa. Da Zurƙe aka ba bakin, da gurabensu sun musanya. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an fi jin hannun makaranta. Waziri mugu ne tun daga shafin farko har ƙarshe, daidai da karin maganar da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Amma ko a nan wayo bai mutu ba, an dai yi masa wanka an naɗa masa rawani: Aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya halaka, wato yaudara ce a bakin aikin fada. Jiki Magayi na John Tafida da East ya fi su duka ƙarfin hali, domin Abubakar, wanda mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya fara a matsayin wanda aka zalunta ya ƙare yana lalata rayuwar yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Jadawali hoto ne na tsaye, ba ya iya ɗaukar mutumin da ke tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. A dandali ma haka: wasannin kwaikwayon Nijar da Janet Beik ta yi nazari a 1987, ciki har da na ƙungiyar Yazi Dogo ta gidan rediyon Damagaram, da fina-finan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, duk sun rayu ne a kan mutumin da ake dariyar rashin kunyarsa ana kuma jin daɗin yadda yake kunyata manya.

Akwai masu ƙorafi na gaskiya, kuma bai kamata a raina su ba. Iyaye da malamai da yawa suna ganin labarin da maƙaryaci ke cin riba a cikinsa yana koya wa yaro ƙarya, kuma a zamanin da damfara ta sami waya da intanet wannan tsoro ba na banza ba ne. Amsata ita ce al'adar ba ta taɓa sakin Gizo babu linzami ba. An keɓe tatsuniya ga dare, an buɗe ta da kalmomin da ke sanar da cewa an shiga wata duniya, an kuma rufe ta da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka yi. Sannan akwai mai bayarwa. Sa'idu Babura Ahmad ya nuna a littafinsa na 1997 cewa mai ba da tatsuniya mai fassara ce, tana riƙe ƙashin labari tana sauya namansa gwargwadon masu sauraro, kuma Connie Stephens, wadda ta yi nazarin tatsuniyoyin Nijar a kundinta na 1981, ta mai da hankali ga abin da labaran ke faɗa a ɓoye game da zaman jama'a. Kaka ta san wane jika ne ya cika haɗama, wane ne kuma ake cuta don ya cika sanyi. Ga na farko za ta ja labarin danƙo ta tsawaita dukan, ga na biyu za ta ba da na Giwa da Dorina. Hukuncin yana wurinta da wurin yaran, ana yin sa sabo kowane dare. Littafi ba shi da wannan ido, shi ya sa yake neman ya rubuta hukuncin sau ɗaya a ƙasan shafi.

Tunda ba za a sa kaka cikin kowane aji ba, abin da ya rage shi ne a gyara tambayar. Maimakon a tambayi ɗan makarantar Sasumburum ko na Dogo-Dogo wane ne mugu a labarin ɓaure, wanda zai amsa da kalma ɗaya ya zauna, a tambaye shi: da kai ne hankaka, Gizo ya dawo baɗi da yunwa yana kuka, za ka sake ara masa gashi? Wani zai ce a'a, ya ci amana. Wani zai ce zai ara masa, amma sai an yi rabon ɓauren tun a ƙasa kafin a tashi. Wata kuma za ta tambaya ko Ƙoƙi da ƴaƴanta sun sami ko ɗaya daga cikin ɓauren, domin amsarta ta dogara ga wannan.